Majigi da Bakin Tafinta

Kalmar nan majigi asalinta daga sunan wata fitila ne ta Turawa, wadda su ke kira majik lantan. Akan zura mata hoto na gilashi, haskenta ya jefa shi jikin farin ƙyalle, ya zama ƙato. Hoton ba ya motsi, ba ya magana, sai wani ya tsaya a gefe yana faɗa wa jama'a abin da su ke gani. Bayan da hoto mai motsi ya zo, Hausawa ba su sake masa suna ba.

Wanda ya fi kowa suna wajen haɗa majigi da aikin likita a Nijeriya shi ne wani Bature ma'aikacin tsabta, William Sellers. A zamanin da annobar ɓeraye ta addabi Ikko, wajen 1929, ya riƙa ɗaukar hotunan aikin da a ke yi na yaƙi da cutar, yana nuna wa mutane don su san ta inda ta ke shigo musu. Daga nan aka shirya mota ta musamman, da injin wuta da lasifika, tana bin garuruwa. A 1939 aka kafa ofishin majigi na ƙasashen mulkin Ingila a London, aka ba shi shugabanci.

To, hotunan nan galibinsu bebaye ne, kuma da gangan aka bar su haka, domin harsunan ƙasar suna da yawa, hoto ɗaya kuwa a ke so ya zaga ko'ina. Saboda haka nauyin duka ya koma kan tafinta. A ƙasar Kano, idan mota ta iso, hakimi ko dagaci ya sa a yi shela, bayan sallar isha'i a taru a ƙofar fada, ba ko anini. A kafa ƙyalle, tafinta ya ɗauki abin magana. Ga likita a hoto yana duba jini, ga malamin asibiti yana yi wa yaro lamba saboda agana, ga mace tana tace ruwa saboda kurkunu. Wanda bai taɓa shiga asibiti ba, in ya ga Bature riƙe da allura, zuciyarsa na iya raya masa kome. Tafinta shi zai ce masa wannan jini kaɗan a ke ɗiba, dubawa za a yi, ba sha ba. In ya iya bakinsa, ya sa wasa inda ya kamata, ya kira cuta da sunan da tsofaffi suka san ta, kashegari sai a kai yara lamba. In kuwa ya yi ta karanto abin da aka rubuto masa tamkar mai karanta sammaci, mutane su sha kallo, su watse, a ɓoye yara a rumbu kamar dā.

Sellers ya kafa ƙa'idodi: a ɗauki hoto sannu a hankali, kada a yi dabarar da za ta ruɗa mai kallo, a ƙarshe kuma tafinta ya yi ta jefa tambayoyi jama'a na amsawa baki ɗaya. Ya ɗauka mutanen ƙasar ba su iya kallon hoto ba ne, a nan kuwa ya raina su. Mutumin da ke gane sawun akuyarsa cikin sawu ɗari ba hoto ne zai gagare shi ba. Abin da ya ke nema shi ne bakin da ya yarda da shi, irin na malamin En'e wanda ya san iyayensa.

A wancan zamani, na Sarki Abdullahi Bayero (1926 zuwa 1953), Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ƙauyuka ne a bayan ganuwa, gonaki ne suka kewaye su, mai ciwo sai a ɗauke shi zuwa asibitin birni, in danginsa sun yarda. Irin mutanensu a ke nufi da majigi. Daga baya birni ya haɗiye su. A 1988 aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda mazauninsa ya ke a Gyaɗi-Gyaɗi, bakin hanyar Zariya, inda mutane ke zuwa da ƙafarsu tun da asuba su kama layi don a ɗebi jininsu.