Gidan Tarihin Nasarar Adwa

Gidan Tarihin Nasarar Adwa wuri ne na adana kayan tarihin yaƙi da ke unguwar Piyasa a tsakiyar birnin Addis Ababa, babban birnin ƙasar Habasha. Firayim Minista Abiy Ahmed ne ya buɗe shi a watan Fabrairun 2024, domin tunawa da galabar da Habashawa suka yi a kan sojojin Italiya ranar 1 ga Maris, 1896. Garin Adwa kansa yana can arewa, a yankin Tigray, nesa da inda aka gina gidan.

Asalin yaƙin

Rikicin ya samo tushe daga yarjejeniyar Wuchale ta 1889. Sashe na 17 a rubutun Amharik ya ce Sarki Menelik na Biyu yana iya neman taimakon Italiya wajen hulɗa da ƙasashen waje idan ya ga dama, amma rubutun Italiyanci ya mai da hakan tilas. Da wannan Italiya ta fake ta ce Habasha ta shiga ƙarƙashinta. Menelik ya yi watsi da yarjejeniyar, Italiya kuwa ta kutso da sojoji daga Eritriya.

Janar Oreste Baratieri ya fito da mayaƙa kimanin 17,000, cikinsu har da 'yan Eritriya da aka ɗauka soja. Menelik ya tara kusan 100,000, tare da jarumai irin su Ras Makonnen da Ras Alula. Rundunonin Italiya sun rarrabu cikin duwatsu bayan tafiyar dare, aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka murƙushe. Dubbai sun mutu, an kama kimanin 3,000. A watan Oktoba na shekarar Italiya ta sa hannu kan amincewa da 'yancin Habasha, ko da yake Musolini ya sake mamaye ƙasar a 1935.

Abin da mai ziyara zai gani

Akwai mutum-mutumin Menelik da na matarsa Sarauniya Taytu Betul, wadda ta ba da shawarar tsare wa Italiyawa ruwan sha lokacin da aka kewaye sansaninsu na Mekele. A ciki an jera bindigogi da takubba da garkuwoyi da tufafin mayaƙa, ga kuma zane-zanen fagen fama. Ginin yana da manyan ɗakunan taro, kuma yana kusa da Dandalin Menelik da Cocin Giyorgis.