Dukanci da Takalmin Hannu, Daga Kano Zuwa Hayin Banki

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a Hayin Banki da ke Kaduna ya dubi ƙafafun masu wucewa zuwa Kawo, da wuya ya ga takalmi ɗaya da baduku ya yanka ya ɗinka da hannunsa, alhali kuwa wannan sana'a ta riga birnin Kaduna zuwa duniya da ƙarnuka masu yawa. Tarihin Kano ya tabbatar da cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya fara sa takalmin gashin jimina, wanda har wa yau alama ce ta sarauta. Kuma sa'ad da Bajamushen nan Barth ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa takalman da ake fitarwa daga birnin a shekara sun kai na wuri miliyan 10, fatake na ƙetare Sahara da su.

Asirin abin yana hannun majemi tun kafin ya iso ga baduku. Majemi ne zai jiƙa fata da toka har gashin ya saki, ya kankare ta, ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa, sa'an nan a rina ta ja da karan dafi ko baƙa da kuloko. Kuma fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda Turawa suka daɗe suna jingina wa Maroko saboda ta can take isa gare su, ba ta da na biyu wajen laushi. Daga nan baduku zai shimfiɗa kirgi a kan katako, ya auna ƙafar mai shi, ya yanka, ya huda da basilla, ya fitar da fade na talaka, ko kurfai na mahayin doki, ko huffin da malamai ke karanta hukuncin shafa a kansa cikin Risala.

Amma Kaduna, da yake Turawa ne suka kafa ta, suka mai da ita hedikwatar Arewa a 1917, gari ne na soja da akawu da ma'aikacin reluwe, mutanen da aikinsu ya wajabta musu sau-ciki. Saboda haka dukanci ya shigo ta a matsayin baƙo, bai sami unguwa mai sunansa ba kamar yadda ya samu a Kano. Takalman Bata suka zo, na roba suka biyo baya, sa'an nan na Aba da na Sin da gwanjo suka cika kasuwa, fata mai kyau kuwa ta kama hanyar Italiya, ta shanu ta faɗa tukunya ta zama ganda.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yankewar silsila, domin ilmi ne da ɗa ke karɓa daga uba yana zaune gefensa yana miƙa masa zare, yau kuwa ɗan ya tafi haya da babur, uban ya koma ɗinkin silifa da manna dunduniya, ba ya samun wanda zai ce masa, "Malam, auna ƙafata."