Kyautar Naoki: Shekara Casa'in Tana Ɗaga Darajar Masu Ba da Labari

A shekarar 2025 Kyautar Naoki ta ƙasar Japan ta cika shekara 90 da kafuwa. Asalinta ta'aziyya ce. A watan Fabrairun 1934 marubuci Naoki Sanjugo ya rasu yana ɗan shekara 43, bayan ya yi suna da labaran tarihi da na samurai, musamman littafinsa Nangoku Taiheiki. Amininsa Kikuchi Kan, wanda ya kafa mujallar Bungeishunju a 1923, ya riga ya yi rashin wani aboki, Akutagawa Ryunosuke, tun 1927. Sai ya ga babu abin tunawa da ya dace da marubuta kamar a raya wasu marubutan da sunansu. A 1935 ya kafa kyaututtuka biyu lokaci guda: ta Akutagawa don adabin da manazarta ke kira tsantsa, ta Naoki kuma don adabin talakawa, wato labaran takobi da na bincike da na soyayya da ake karantawa a jirgin ƙasa.

Hikimar Kikuchi tana cikin wannan haɗin. A zamaninsa, marubucin da littafinsa ke ƙarewa a kasuwa kallon ɗan kasuwa ake yi masa, ba a zama da shi a majalisar masana. Kikuchi, wanda shi kansa ya fara da gajerun labarai da wasannin kwaikwayo masu nauyi kafin ya koma rubuta wa jaridu labaran da jama'a ke rububi, ya san rainin nan ta ɓangarorin biyu. Don haka ya daidaita komai tsakanin kyaututtukan biyu: kyautar agogo iri ɗaya, kuɗi iri ɗaya, yen 500 a farko, yen miliyan ɗaya a yau, sanarwa a rana ɗaya, sau biyu a shekara. Har yanzu alƙalan kyaututtukan biyu a gidan abinci ɗaya suke zama, Shinkiraku da ke unguwar Tsukiji a Tokyo. Wanda ya fara lashe ta Naoki shi ne Kawaguchi Matsutaro, kuma a 1938 aka miƙa ragamarta ga wata ƙungiyar haɓaka adabin Japan da aka kafa don wannan aiki. Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da ita daga 1945, ta dawo a 1949, shekara ɗaya bayan rasuwar mai kafa ta.

Lokacin da kyautar ta nuna amfaninta sosai shi ne tsakanin ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1970, sa'ad da tattalin arzikin Japan ke bunƙasa, mujallun mako-mako suka yawaita, masu karatu suka ninka. Shiba Ryotaro ɗan jarida ne sa'ad da labarinsa na ninja, Fukuro no Shiro, ya ci kyautar zangon ƙarshe na 1959. Daga nan ya bar aikin jarida, ya zama marubucin da miliyoyin Japanawa suka koyi tarihin ƙasarsu daga alƙalaminsa. Ikenami Shotaro ya biyo baya a 1960, Itsuki Hiroyuki a zangon 1966, Inoue Hisashi a 1972, Fujisawa Shuhei a 1973. Amma hujja mafi ƙarfi ita ce Nosaka Akiyuki, wanda aka ba shi ta zangon ƙarshe na 1967 saboda labarai biyu, ɗayansu Hotaru no Haka, labarin wani yaro da ƙanwarsa da yunwa ta kashe bayan ruwan bama-bamai a Kobe. Wannan labarin ne Takahata Isao ya mayar fim a 1988. Duk mai ganin adabin talakawa nishaɗi ne kawai, wannan labari ya ishe shi amsa.

Masu suka ba su rasa abin faɗa ba. Na farko, suna cewa kyautar talla ce ga kamfanin Bungeishunju. Kikuchi kansa bai ɓoye cewa tallar mujallarsa na cikin niyyarsa ba, kuma ba a ga laifin hakan ba, tunda marubucin da ke rayuwa da alƙalaminsa masu saye yake bukata, kyautar da ba ta sayar da littafi kuwa ba ta tsinana masa komai. Na biyu, suna cewa tana zuwa a makare. An kafa ta don sababbin marubuta, amma Higashino Keigo sai da aka saka sunansa sau biyar yana faɗuwa kafin ya samu da Yogisha X no Kenshin a Janairun 2006, alhali ya daɗe da shahara. Wannan gaskiya ne, sai dai sauyin yana da dalili: gasannin sababbin marubuta sun yawaita a Japan, Naoki ta koma hatimin da ke tabbatar da wanda ya ƙware. Akwai kuma masu fushi na gaske. Yamamoto Shugoro ya ƙi karɓarta a 1943. Tsutsui Yasutaka, gwanin labaran kimiyya, an zaɓo shi sau uku ba a ba shi ba, ya rama da littafin shaguɓe kan alƙalan kyaututtuka. Yokoyama Hideo ya yi baram-baram da ita a 2003 bayan an kushe littafinsa Han'ochi. Alƙalai mutane ne, sun yi kure, musamman wajen raina labaran kimiyya shekaru da dama, kodayake ba wa marubucin labaran kimiyya Ogawa Satoshi kyautar a Janairun 2023 ya nuna an fara gyara.

Tun 2004 masu shagunan littattafai suna da tasu kyautar, Hon'ya Taisho, inda ma'aikatan shago ke kaɗa ƙuri'a, kuma sau da yawa littafin da ta zaɓa ya fi shiga kasuwa. Wasu sun ɗauka ƙarshen Naoki ke nan. Amma aikinsu ba ɗaya ba ne: waccan tana nuna abin da masu shago ke son sayarwa, wannan hukuncin marubuta ne a kan ɗan'uwansu, hukuncin da yake da ikon cewa a'a. A watan Yulin 2025, cikin shekarar da ta cika 90 ɗin kanta, alƙalan Naoki da na Akutagawa suka tashi ba su ba kowa ba, abin da bai faru ga kyaututtukan biyu lokaci guda ba tun Janairun 1998. Masu shaguna sun koka, domin suna jiran cinikin da sanarwar ke kawowa, kukansu kuwa shaida ce cewa har yanzu hukuncin da ake yankewa a Tsukiji yana motsa kasuwar littattafan Japan baki ɗaya.