Gansakukar Ruwa: Yadda Tauraron Ɗan Adam Ke Gano Ta Daga Sama

Gansakuka ita ce koren abin nan da ke rufe saman ruwa kamar an zuba fenti. Yawancinta ba ta da illa, amma akwai nau'in da ke fitar da dafi mai lalata hanta. Saniya na iya sha ta faɗi cikin 'yan sa'o'i, kuma tafasa ruwan ba ya kashe dafin. A 2020 giwaye sama da 300 suka mutu a Botswana, gwamnatin ƙasar ta ce dafin gansakuka ne sanadi.

Tana bunƙasa ne inda ruwa ke kwance, rana ta yi zafi, sannan takin zamani da kashin dabbobi suna gangarowa ciki. Mu a Jos mun san irin wuraren nan: tsofaffin ramukan haƙar kuza na Bukur da Rayfield da Barikin Ladi da suka zama tafkuna, ana noman rani a gefensu, shanu na sha. Ni ɗan mai fataucin shanu ne, na san saniya guda jarin gida ce.

To yaya ake ganinta daga sama? Tauraron ɗan adam yana auna hasken rana da ruwa ke mayarwa. Ruwa mai tsabta yana shanye yawancin hasken, mai gansakuka kuwa yana mayar da kore da wani haske da idonmu ba ya gani. Taurarin Sentinel-2 na Turai, da aka fara harbawa a 2015, suna sake ɗaukar hoton wuri duk kwana 5. Sentinel-3 na 2016 shi ke duba launin teku. A Najeriya, cibiyar ƙasa mai nazarin hotunan tauraro tana nan Jos, ƙarƙashin hukumar NASRDA da ta harba NigeriaSat-1 a 2003.

Sai dai fa tauraro launi kawai yake gani. Girgijen damina na rufe shi, kuma sai an ɗebi ruwan an gwada kafin a san ko da dafi.

Saboda haka 'yan uwa na Agege da Sabon Ibadan, idan ruwa ya yi kore shar, yana wari, ko ga matattun kifi a baki, kada a shayar da dabba. Iska kan tara gansakukar a bakin ruwa, daidai inda saniya ke sa baki. Allah Ya tsare mana dukiyarmu.