Asalin Sunan Garin Shrewsbury da Yadda Rubutunsa Ya Sauya

Shrewsbury gari ne a yammacin Ingila kusa da iyakar Wales, a cikin wani lanƙwasa na kogin Severn wanda ya kusa kewaye shi. Marubuta sun yi saɓani kan asalin sunansa, mazaunansa ma ba su daidaita kan yadda ake furta shi ba, sai dai tsofaffin takardu sun isa su warware mafi yawan wannan saɓani.

Siffar sunan a tsohon Ingilishi ita ce Scrobbesburh, wadda ta fi bayyana a rubuce a matsayin Scrobbesbyrig saboda sauyin da nahawun harshen ke yi wa suna idan ana nufin "a wurin". Kashin ƙarshe yana nufin gari mai ganuwa. Kashin farko ne ake jayayya a kansa, domin wasu masana suna ɗaukarsa kalma mai nufin ƙasa mai sarƙaƙiyar ƙananan itatuwa, wasu kuma suna ganin sunan wani mutum ne da ake kira Scrobb. An taɓa danganta shi da Richard ɗan Scrob, Banormane da ya zauna a wannan yanki wajen 1050, amma wannan ba ya tsayuwa, tun da wata takardar kyautar ƙasa ta shekarar 901, wadda Aethelred da matarsa Aethelflaed masu mulkin Mercia suka bayar, ta riga ta ambaci garin da Latin a matsayin Scrobbensis. Kuɗaɗen azurfa da aka buga a garin a zamanin Sarki Athelstan, wanda ya rasu a 939, su ma suna ɗauke da gajarcen sunan.

Babban sauyi ya zo bayan Normawa sun ci Ingila a 1066. Magatakardansu masu jin Faransanci sun sha wahalar furta baƙaƙe uku a jere a farkon kalma, don haka suka riƙa cusa wasali a tsakani, kamar yadda Bahaushe ya yi da ya ari kalmar burodi. Kundin ƙidayar filaye da dukiya na 1086, wanda ake kira Domesday, ya rubuta Sciropesberie. Daga baya wasalin ya zama "a", sannan da yake akwai "r" biyu a kalmar sai ta farkon ta koma "l", aka sami Salopesberie. Irin wannan ne ya faru da birnin Salisbury, wanda tun asali "r" ke gurbin "l" ɗinsa. Magatakarda sukan gajarce dogayen sunaye a takardun hukuma, kuma daga nan ne Salop ya fito, aka riƙa kiran garin da lardinsa duka da shi.

A bakin talakawa kuwa sunan Ingilishi bai mutu ba, ya bi tasa hanyar. Sautin da ake rubutawa "sc" ya zama "sh", sautin "b" na tsakiya ya yi laushi ya koma "v" sannan "w", har aka sami siffofi irin su Shrovesbury da Shrowesbury. Rubutun yau mai "ew" ya kafu ne a lokacin da Ingilishi ke yarda a rubuta sauti guda da "ew" ko "ow". Wannan ne tushen gardamar furuci: masu cewa Shirozbiri suna riƙe da tsohon sautin, masu cewa Shiruzbiri kuma suna bin abin da idonsu ke gani a takarda, kuma ana jin duka biyun a titunan garin.

Mutanen Wales suna kiran garin Amwythig. Gerald na Wales, malamin coci na ƙarshen ƙarni na 12, ya ce nan ne Pengwern, tsohuwar fadar sarakunan Powys, amma ya yi rubutunsa ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da yake magana a kai, shi ya sa masana na yanzu ba sa dogara da zancensa.

Salop ya daɗe yana aiki a hukumance, har dokar ƙananan hukumomi da ta fara aiki a 1974 ta tabbatar da shi a matsayin sunan lardin. Mazauna da yawa ba su so shi ba, wasu saboda kamarsa da wata kalmar zagi ta Faransanci, kuma a 1980 aka mayar da sunan lardin Shropshire, wanda shi kansa gajarcen Scrobbesbyrigscir ne, wato lardin Shrewsbury.