Daga Babule zuwa Naruto: wunin da na yi ina tsaron ƙofar taron ƴan anime

A babban hutun bara ɗiyata ta fari, mai shekara goma sha biyar, ta kai wa tela baƙin yadi a kasuwar Filinge, ta ce ya ɗinka mata doguwar alkyabba, ya manna jajayen gizagizai a jiki. Ranar da ta karɓo ɗinkin ta saka ta fito tsakar gida, mahaifiyata na zaune tana tsince wake. Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa, ta juyo gare ni ta ce, "Malam, Babule ne suka dawo gidanka?" Yarinya ba ta san Babule ba. Abin da ta sani, rigar ƴan Akatsuki ce, wata ƙungiya a labarin Naruto, kuma da ita take son zuwa taron masoya anime, wato zane mai motsi na Japan, da wasu matasa suka shirya a Yamai.

Na ce ba inda za ta. Kusan kilomita 180 ne tsakaninmu da Yamai, kuma duk wanda ke zaune a jihar Tilaberi ya san ba a hawa mota yanzu sai da addu'a. Sati biyu tana bi na da magiya, uwarta na taya ta. Da yake ina da takardun da zan kai ma'aikata a birnin, na yarda, bisa sharaɗin ƙafata ƙafarta.

Zauren haya ne, shiga jaka biyu. Niyyata in sami kujera a gefe in sa ido. Ban kai ga zama ba wani saurayi ɗan jami'a, gumi na tsiyaya a fuskarsa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, mai tsaron ƙofarmu bai zo ba, ko za ka taimaka mana?" Ya miƙo mini hatimi da tawada. Daga hantsi har la'asar ina buga wa yara hatimi a bayan hannu. A tsayen nan na tuna cewa ni ma na taɓa zama ɗaya daga cikinsu.

Mu da muka tashi a shekarun 1990 mun biya kuɗi a rumfar bidiyo mun kalli Olive et Tom da Dragon Ball, mun ɗauka kayan Faransa ne, tun da Faransanci muke ji a bakinsu. Ashe daga Japan suka taso. Tezuka Osamu ne ya buɗe hanyar da ya sa Astro Boy a talabijin ɗin Japan ranar 1 ga Janairun 1963, ana nuna shi mako-mako. A 1978 tashar Antenne 2 ta Faransa ta fara nuna Goldorak, yaran ƙasar suka haukace a kansa. Daga 1987 zuwa 1997 shirin Club Dorothée na tashar TF1 ya cika safiyar yara da irin waɗannan finafinai, saboda sayen su ya fi yin sabo araha. Yaron da muke kira Olivier, ainihin sunansa Tsubasa, Takahashi Yoichi ya fara zana shi a 1981. An canja masa suna a Turai kafin ya iso mana a kaset.

Faɗan da na yi da ɗiyata ma Faransawa sun riga ni yin sa. A 1989 Ségolène Royal, wadda daga baya ta yi takarar shugabancin ƙasarsu, ta rubuta littafi tana sukar zubar da jinin da ake nuna wa yara. Tana da gaskiya a gefe guda: a Japan ana yin wasu labaran don ƙanana, wasu don samari, wasu don manya zalla, su kuwa masu saye suka haɗa su kwando guda, tun da a ganinsu zane ai na yara ne. Kuskuren nan har yau muna yin sa a gidajenmu.

Shi taron kansa yana da nasa tarihi. A watan Disamban 1975 wasu matasa a Tokyo, cikinsu har da Yonezawa Yoshihiro, suka kama ɗan zaure don masu zana littattafansu da kansu su sami wurin sayarwa. Rukuni 32 suka baje kaya, mutum kamar 700 suka zo. Sunansa Comiket. Ana yin sa sau biyu a shekara, kuma na Disamban 2019 ya tara mutum kusan dubu 750 cikin kwana huɗu. Abin da ya fi ba ni mamaki, har yau dubban ƴan sa-kai ne ke tafiyar da shi: su ke jera teburi, su ke tsara layi, su ke kwashe shara. Suna da dokoki masu tsauri. Ba a zuwa daga gida cikin shigar kwaikwayo, sai an iso a canja kaya a ɗakin da aka ware. Ba a ɗaukar hoton mutum sai an nemi izininsa. Daga can al'adar ta bazu, Paris ta sami Japan Expo, Legas ta fara Lagos Comic Con a 2012.

Yaran Yamai sun kwafo dokokin nan sun rubuta a allo da alli. Ɗakin canja kayan mata daban, wata ɗaliba na zaune a bakinsa. Da azahar ta yi aka kashe kiɗa, aka shimfiɗa tabarmi, na ga wani ya jingine takobinsa na kwali a bango ya tada kabbara. Ɗiyata ta ɗora alkyabbar a kan hijabinta, ba ita kaɗai ba.

To, in koma ga tambayar tsohuwa, don ba ta yi ta a banza ba. Wajen 1925, a Cikal, nan ƙasarmu ta Kurfai, wata mata mai suna Cibo ta zo da wasu sababbin iskoki da ake kira Hauka ko Babule. Wanda suka hau sai ya koma kumandan, ko kyaftin, ko soja mai gadi. Ya yi faretin Nasara, ya ɗauki bindigar icce, ya yi magana da karyayyen Faransanci. Matasa suka bi ta da yawa, suka ƙi bin umarnin sarauta a zamanin Gado Namalaya, suka ƙi na Faransawa. Kumandan Croccichia ya sa aka kama su aka kai Yamai aka tsare. Ba a daɗe ba shi ma ya zama iska a cikin iskokin, suna kiran sa Kumandan Mugu. Ƴan ci-rani suka kai abin har Akara ta ƙasar Gana, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous. Saboda haka idan tsohuwar Bakurfaya ta ga yarinya cikin kayan baƙi, ta san inda irin wannan ya taɓa kai mutane.

Amma na gaya mata, kuma ina gaya wa iyaye, ba abu ɗaya ba ne. Wancan bori ne, da yanka da hawan iska, a ƙarƙashin bulalar mulkin mallaka. Wannan ya fi kusa da wasan kara na Damagaram, inda samari ke yin kayan manyan gwamnati su kwaikwaye su a gaban jama'a, ko tashen da yaranmu ke yi da azumi. Mai rigar ya san sunansa, da magariba zai cire ta ya ninke.

Abin da taron ya fi tuna mini shi ne samariya. A zamanin Seyni Kunce yayyenmu ne ke gina ajin zana, su share gari, su shirya wasan kwaikwayo don bikin matasa na ƙasa, ba wanda ke biyan su. Wannan makaranta ta rushe, ba mu kafa wata a gurbinta ba. Yanzu ɗaruruwan makarantu a jiharmu na rufe saboda tsaro, yara na zaune. Sai ga ƴan shekara ashirin sun tara kuɗi, sun kama zaure, sun raba aiki, sun rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a littafi, ba babba ko ɗaya a kansu. Mu malamai mun san kwamitin COGES, mun san kuma hukumar JICA ta Japan ce ta tallafa wa tsarin da shirin École pour tous, wanda ya fara a jihar Tawa a 2004. Sau nawa muka kira taron iyaye mutum goma ba su zo ba?

Ba duk abin da na gani ya yi mini daɗi ba. A wani teburi na ɗaga littafi, na ga hotunan da ba zan bar ɗan aji shida ya buɗe ba. Na kira saurayin da ya ba ni hatimi na nuna masa. Bai yi musu ba, ya sa aka mayar da su ƙarƙashin teburi, ya ce ba su yi tunanin raba kayan bisa shekaru ba. Na kuma lura duk labaran da yaran suka zana da hannunsu, sunayen Japanawa ne a ciki, da gidajen Japan. Ko rijiya ɗaya babu, balle raƙumi.

A mota muna komawa na ba ɗiyata labarin Cibo. Ta yi shiru har muka wuce Balleyara, sannan ta tambaye ni irin hular da kumandan ke sawa a lokacin. Da muka isa gida ta je ɗakin kakarta da littafin zane da fensir. Tsohuwa ta ce ita ba ta ga Babule na farko da idonta ba, amma uwarta ta gani, kuma hular da aka zana ta yi faɗi da yawa, a rage ta.