Daga Kwanon Jere Zuwa Kwanon Rufi

Tunda bikin cikar shekara muke, kuma da yawa a cikinmu sun fara zancen sayen fili da kuɗin adashi, bari mu waiwaya mu ga inda aka fito.

Iyayenmu da kakanninmu sun san ajiya. Dukiyar mace a da tana cikin ɗakinta: tasoshi, langa, kwalla, kwanukan jere har rufin ɗaki, sai akuya a bayan gida, mai hali ta ƙara da zinare. In aure ya taso ko ciwo, a ɗauki kwalla a ba dillaliya ta kai Kasuwar Rimi. Bankinsu ke nan. Gida kuwa ba a lissafa shi a cikin jarin mace. Shari'a ta ba ta gado, 'ya tana da rabin na ɗa, matar mamaci tana da tumunin takaba, amma sau da yawa sai a yi wa gida kuɗi, maza su riƙe ginin, a miƙa mata nata a hannu. Kafin shekara ta zagayo sun narke a hidimar biki. Ga kuma bakin mutane: macen da ke da gidan kanta a birni, kallon mai zaman kanta ake mata, ko da da guminta ta gina.

Ita kanta haya ba tsohuwar al'ada ba ce a cikin ganuwa. Baƙo a zaure ake sauke shi, fatake kuma wurin fatoma, shi ya ba su masauki, ya ci la'adarsa a ciniki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari, cinikin gyaɗa ya buɗe, Fagge ta cika da baƙi. A nan ne ɗaki ya zama haja, ana biyansa wata-wata. Da aka yi Jihar Kano a 1967, ga ma'aikata, ga ƙarin albashin Udoji na 1974, sai neman ciki da falo ya tashi. Gonakin gero da ke Kurna, Rijiyar Lemo, Ɗorayi da Naibawa suka koma unguwanni.

Wurin da nake so mu tsaya shi ne 1978. A shekarar ce gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar ƙasa, wadda ta sa duk filin jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙewa izinin zama ne, takardar da ake cewa Si-of-O, yawanci na shekara 99. Amma gari ya fi takarda saurin girma. Manomi ya ga birni ya iso bakin gonarsa, sai ya kira masu igiya su yanka masa ita fuloti-fuloti, ya sayar, mai unguwa ya sa hannu. Shi ne awon igiya.

To ta wannan ƙofar mata irinmu suka shiga, don filin gwamnati sai mai hanya da ilimin cike takarda. Mai ƙosai, mai ƙuli-ƙuli, mai sayar da atamfa gida-gida, in ta ɗauki adashi ta sayi rabin fuloti can inda ko mota ba ta zuwa. Ɗauka ta biyu ta buga bulo. Ta uku ta yi ɗaki biyu da banɗaki, ta rufa kwano, ta zuba 'yan haya, kuɗin hayar su ɗaga ɗaki na uku. Wallahi gidaje da yawa a bayan gari haka aka yi su, ba wanda ya ci bashin banki. Kuma da darajar naira ta fara zubewa daga 1986, wadda ta ƙulle kuɗi a bakin zane ta ga yadda suke ƙanƙancewa, mai fili tana zaune nata yana hawa.

Sai dai awon igiya ya cinye wasu. Fili ɗaya a sayar wa mutum biyu. Fili a kan hanyar ruwa, damina ta zo ta kwashe. Filin gado da ba a raba ba, ɗaya daga magada ya sayar, sauran su taso bayan an kai linta. Wanda ya fi ciwo a wurina shi ne na suna. Mace ta tara kuɗinta, don kunya ko don ba ta iya karatu ba, ta ba miji ko ƙane ya je ya saya, a rubuta sunansa. Yana raye lafiya lau. Ranar da ya faɗi, gidan ya shiga rabon gado, ita da ta gina ta koma jiran tumuni. In ma da kishiya, su raba shi biyu.

Shi ya sa ajin yaƙi da jahilci da muke zuwa da yamma yake cikin wannan tarihi. Yau mace tana iya karanta takardar ciniki da kanta, ta ga sunanta da na mahaifinta, ta ga faɗi da tsawo, ta ƙirga shaidu, ta tambayi maƙwabtan fili kafin ta ba dillali ko sisi. Wadda za ta ɗauki adashi a wannan zagaye, ta taho da takardar taronmu na wata, a karanta ta a gaban kowa kafin ta sa hannu.